Wanda Ya Aske Filin Goggo Ardith

Ana fitowa daga coci labarin ya iso. An tsinci Goggo Ardith Boersma kwance cikin lambatu a bakin shingenta, ƙugu a karye, kai yana jini, kuma an bi filinta da injin yanka ciyawa an aske shi tas.

Ni ce 'yar sandan da ke aiki ran nan. Kafin in isa an wuce da ita asibiti, mutanen garinmu Veldkamp sun cika bakin hanya da kayan cocinsu, kowa fuska a murtuke.

Duk gundumarmu masara ce da waken soya, sai wannan fili kaɗai garma ba ta taɓa shiga ba. Ta tsakiyarsa wani kamfani ke son ratsawa da bututun iskar kabon da masana'antun man masara ke fitarwa. Hukumar jiha ba ta ba da izini sai an gama binciken muhalli, an duba rafi da fadama da tsirrai. A filin akwai wani farin fure da doka ta kare, wanda ba ya daɗewa a buɗe, kuma ran Talata malamar tsirrai za ta zo daga jami'a ta gan shi da idonta. Duk waɗanda suka ƙi sa wa kamfani hannu a kan furen nan suka rataya fatansu. Yanzu ga shi babu ko ɗaya a tsaye.

Wendell Rozeboom ne ya tsince ta. Dattijon coci ne, shi ne kuma shugaban masu adawa da bututu. Rigarsa duk jinin Goggo.

“Saniya ce ta tsare ni, haihuwa ta zo mata a gicciye,” in ji shi. “Na makara zuwa coci, ina wucewa na hango ƙafarta. Lorna, me kike jira? Kowa ya san wanda ya yi.”

“Baba Wendell, tunda kowa ya sani, ai sai a faɗa min.”

“Merle Van Zee!” wata mata ta faɗa daga baya. “Shi da ya sa wa kamfani hannu! Yahuza maci amana!”

“In ba ki kamo shi ba, mu za mu kamo miki,” in ji wani.

Na kira Kawu Orville.

* * *

Orville Kooima yayan mahaifiyata ne. Ya ƙare aikinsa yana mai tsaron gandun daji, kuma rabin mazan garin nan ya taɓa kama su da barewar da suka harbe ba kan ƙa'ida ba. Ba su yafe masa ba, shi ma bai nema ba. Ba shi da gona, don haka bututu bai shafe shi ba. Amma ko zomo ne ya wuce, Kawu zai gaya maka inda ya nufa.

Ya sauko daga mota ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a.

“Sannunku da aiki. Garken shanu ma ya fi ku sanin inda zai taka. Ku matsa.”

“Ka zo ka wanke ɗan kamfani ne, Orville?” in ji wani.

“Na zo in duba ƙasa. Ita ba ta zuwa coci, amma ba ta ƙarya.”

Ya tsuguna a ƙofar shingen. Ƙofar ƙarfe ce, ta lanƙwashe a tsakiya. Ya nuna min inda silifas ɗin Goggo suka ja ƙasa.

“Ta ji ƙarar inji ta fito. Ta tura ƙofa don ta tare shi, shi kuma bai tsaya ba. Ƙofar ce ta make ta.”

“Sawun ƙafarsa fa?”

“Wanne? Na Wendell da ya ɗaga ta, ko na mutum ɗari da suka zo kallo? Taho.”

Muka bi sawun tarakta a gefen hanya, shi a ƙasa, ni a mota ina binsa a hankali. Bai ɓace masa ko sau ɗaya ba. Kai tsaye ya kai mu rumfar Merle Van Zee. Taraktar na nan, injinta da sauran ɗumi, ɗanyar ciyawa manne a wuƙaƙen.

* * *

Merle ya dawo muna tsaye. Yana ganin motata ya cire hula ya buga da ƙasa.

“Yau kuma me na yi?”

Na faɗa masa. Ya leƙa taraktar.

“Ba nan na ajiye ta ba. Ni da baya nake shigar da ita.”

“Ina kake da safe?”

“Coci.”

“Ba a gan ka ba.”

“Wa zai gan ni? Cocin garin gaba nake zuwa yanzu. A naku in na zauna, sai benci ya watse kamar na zo da kuturta. Matata ta kai fanke taron mata, aka mayar mata da shi ko taɓawa ba a yi ba.”

“Makulli fa?”

“A jiki, kamar na kowa. Ke ubanki a aljihu yake sa nasa?”

Kawu ya ce, “Ka taɓa shiga filin Ardith?”

“In yi me? Tun da na sayi gonar nan ko kofi ba ta taɓa ba ni ba. Ku ji nan, na sa hannu, ban musa ba. An ce min ko na sa ko ban sa ba, doka za ta ba su hanya. Wannan shi ne laifina. Amma ban taɓa tsohuwa ba.”

Muna magana motoci suka fara tsayawa a bakin hanya. Ba wanda ya sauko, kallo kawai suke. Sai dutse ya faɗo kan rufin rumfar. Na sa Merle a motata, na ce wa matarsa ta tafi gidan 'yar'uwarta. Muna wucewa wani ya tofa yawu a gilashi.

Na kira faston garin gaba. Ya ce ya ga Merle da aka fara, amma bai lura ko ya kai ƙarshe ba. Wato bai wanke shi ba, bai kuma ɗaure shi ba.

* * *

Wakilin kamfani, Tanner Holm, a shagon kofi muka same shi. Shi kaɗai ne a teburinsa, tebura biyun da ke kusa da shi babu kowa. Saurayi ne mai takalmin gona da bai taɓa ganin taɓo ba.

“Allah ya ba ta lafiya,” in ji shi. “Ni jiya na tafi birni, yanzu na shigo. Ga lambar otal, ku tambaya.”

“Amma ta yi muku daɗi,” na ce.

“Ta yi mana daɗi? Ranki ya daɗe, an ji wa tsohuwa ciwo a kan layinmu. Gobe jarida za ta ɗauka, hukuma ta ce a sake bincike daga farko. Kuna ganin kamar furen nan zai kashe aikin. Ba zai kashe ba. Karkata shi kawai zai yi.”

“Zuwa ina?” in ji Kawu.

“Ta kwarin Rafin Gerrit. Can babu fure, babu fadama, bincike zai wuce sumul.”

Na ajiye kofina. Duk wanda ya halarci tarukan garin nan ya san halin iskar. Ba ta wari, ba ta launi, ta fi iskar shaƙa nauyi. In bututu ya fashe, kwari take bi ta kwanta, mutum ya faɗi, injin mota ma ya mutu a hanyar gudu. A kwarin nan kuwa akwai gidajen mutane.

“Wa ya san da wannan?”

“Ba a sanar ba tukuna.”

“Ba abin da ta tambaye ka ke nan ba, yaro,” in ji Kawu.

Tanner ya yi murmushi. “Ina magana da mutane da yawa, Baba. Aikina ke nan. Wani lokaci mutum yana son ya san abin da taurin kansa zai jawo masa.”

“Sunansa.”

“Ku tambayi lauyanmu.”

Mai shagon ta zo ta ɗauke kofinsa bai gama sha ba. Ta haɗa da nawa.

Otal ya tabbatar da maganarsa. A mota na ce wa Kawu, “Yanzu ba mu da kowa sai Merle.”

“Muna da fili. Ban karanta shi ba tukuna.”

* * *

Washegari da sassafe na same shi a can, wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa. Ya riga ya bi layukan taraktar ɗaya bayan ɗaya.

“Dubi aikin. Layi miƙe kamar an ja zare. Manomi ne, ba ɗan haya ba. Yanzu dubi can.”

A tsakiyar filin an bar wani tukkun ciyawa a tsaye, tsawonsa har ƙirji.

“Mantuwa ya yi?”

“Zo ki gani.”

Ya nuna min sawun. Tun daga nesa tayar ta fara karkata a hankali, ta zagaye tukkun, ta koma layinta. A dawowa ma haka, ta ɗaya gefen.

“Bai taka birki ba. Bai ja da baya ba. Bai sauko ya duba ba. In abu ya ba mutum mamaki, sawunsa na nunawa, taya kan tona ƙasa. Wannan tun bai iso ba ya san zai kauce.”

Ya sa sanda ya buɗe ciyawar. Katakai ne baƙaƙe, sun ruɓe, gansakuka ta rufe su. Ya danna sandar ta shige kamar cikin tuwo. Ya jefa tsakuwa ta ramin, muka jira kafin mu ji ƙarar ruwa.

“Tsohuwar rijiya. Na hau tarakta irin ta Merle na gwada, daga kan kujera ba abin da ake gani sai ciyawa. Ni kaina da na yi shekaru ina yawo a dajin nan ban san da ita ba.”

“Merle baƙo ne a nan.”

“Baƙo ne. Da shi ne, da yanzu daga rami muke ciro shi. Wanda ya san rijiyar nan ya daɗe a garin nan. Gerrit mijin Ardith ya sani, yana kabari. Ardith ta sani, ba ta farfaɗo ba. Saura wanda ya taya Gerrit ɗaukar katakan nan, don mutum ɗaya ba ya iya su.”

Ya dube ni. “Ki tara min su da yamma. Ki kawo Merle da yaron kamfani. Sauran ba sai kin gayyace su ba, za su zo.”

“Kai fa?”

“Zan biya in gaida wata saniya.”

* * *

Sun zo kuwa, har da waɗanda suka rufe shago. Suka jeru a bakin shinge, Wendell a gaba. Merle na gefena, Tanner ya jingina da motarsa yana latsa waya.

“Me ake jira?” in ji Wendell. “An ga tarakta, an ga mai ita.”

“Haƙuri, dattijo,” in ji Kawu. “Tambaya ɗaya ce. A cikinku wa ya taɓa shiga filin nan kafin jiya?”

Wata ta ce ta taɓa tsinkar fure a bakin shinge tana yarinya, Gerrit ya kore ta.

“Kai fa, Wendell? Gerrit ai abokinka ne.”

“Gerrit ba ya barin kowa ya taka masa ciyawa, har ni. Daga nan nake ganinta, kamar kowa.”

“Ko sau ɗaya?”

“Na ce maka ko sau ɗaya. Ni kake tuhuma, Orville? A bar ɓarawo a tsaye a kama mai gida?”

Jama'a suka ɗauki guna-guni. Wani ya ce dama an san kamfani ya sayi iyalinmu gaba ɗaya.

Kawu ya juya wajen Merle, ya ɗaga murya. “To, Van Zee. Ka ga tukkun can? Wanda ya yi aikin nan ya yar da abu a tsakiyarsa. Je ka ɗauko mana da hannunka, kowa ya gani.”

“Ni karenka ne?”

“Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ba ka da ita, tafi.”

Na kama hannun Kawu, ya fizge. Merle ya dube mu duka da jajayen idanu, ya tofar da yawu, ya nufi tukkun da sauri yana taka ƙasa kamar zai fasa ta. Mutane na yi masa ihu, “Tafi, Yahuza! Ɗauko kuɗin cin amanarka!”

Ya kusa. Ya sa hannu ya buɗe ciyawar farko. Ya ɗaga ƙafa.

“Merle! Tsaya! Rijiya ce!”

Muryar Wendell ce. Har ya tsallake ƙofar shingen ya yi taku biyu cikin filin, hannu a miƙe.

Merle ya tsaya da ƙafa a sama, ya duba ƙasa, sannan ya sauke ta a hankali. Muka ji ƙarar ƙarfe. Kawu ya riga ya shimfiɗa ƙyauren garke a kan ramin tun da rana.

“Wace rijiya, Wendell?” in ji Kawu. “Daga bakin shinge kake hango ta?”

Wendell ya sauke hannunsa. Kawu ya ci gaba.

“Taraktar jiya ta zagaye ta kamar an haife ta a nan. Na kuma biya garkenka ɗazu. Na duba shanunka kaf, ban ga mai jego ba, ban ga ɗan maraƙi ba. Ko ta haihu ta mayar ne?”

“Ƙarya ne!” in ji matar da ta fara kiran Merle Yahuza. “Baba Wendell, faɗa musu ƙarya ne.”

Wendell ya dafa ƙofar da ta lanƙwashe. Da ya yi magana, ba Kawu ya kalla ba, Tanner ya kalla.

“Ni da Gerrit muka rufe ta, shekarar da ɗan maraƙinsa ya faɗa. Wancan yaron ya zo gidana ran Alhamis. Ya zauna a kujerata, ya sha kofina, ya ce in malamar ta ga fure, bututu zai bi bayan gidan Carla. 'Yata. Ɗakin jikokina yana kallon rafin. Ya ce, ‘Baba, ka ci nasara, sai dai ka saya wa yara abin rufe hanci.’”

“Ni bayani kawai na yi,” in ji Tanner.

“Rufe mana baki!” mutane da yawa suka faɗa tare.

“Ban sa guba ba,” in ji Wendell. “Yanka kawai na yi, saiwar na nan, baɗi zai fito. So nake Talata ta wuce. Ardith ba ta fashin coci, ban san ba ta da lafiya ba. Ina fitowa na gan ta tana tura ƙofa. Na ɗauka za ta kauce.”

“Da ta faɗi fa?” na tambaye shi.

“Na ga tana numfashi.”

“Sai ka tafi ka mayar da tarakta, ka sa kayan coci, sannan ka dawo ka tsince ta.”

Ya sunkuyar da kai.

Merle ya dawo daga tsakiyar filin. Ya tsaya gab da Wendell.

“Garin nan cike da tarakta. Me ya sa tawa?”

“Don in taka ce za a yarda.”

Na shiga tsakaninsu kafin hannun Merle ya sauka. Ya ja da baya, ya nuna Kawu da yatsa. “Kai ma Allah ya isa. Ka sa ni a tarko kamar kaza.”

“Na rufe ramin,” in ji Kawu.

“Wendell bai san ka rufe ba. Ni ma ban sani ba.”

Na sa wa Wendell ankwa. Cikin jama'a ba wanda ya ba Merle haƙuri. Suka shiga motocinsu ɗaya bayan ɗaya. Tanner ne ya fara barin wurin, da tayarsa ɗaya a sace, don wani ya soka mata wuƙa muna can muna magana.

* * *

Malamar tsirrai ta zo ran Talata kamar yadda aka tsara. Ta yini tana tona yankakkiyar ciyawa, ta tsinci furen a bushe, ta kai rahoto. Hukuma ta ce ba izini sai an sake dubawa baɗi in ya buɗe. Kafin wata ya ƙare sai ga tutocin awo a kwarin Rafin Gerrit, jere har bayan gidan Carla. Kamfani ya sauya Tanner da wani mai kama da shi.

Merle ya sa gonarsa a kasuwa. Ni kuwa har yau in na shiga shagon kofi hira kan mutu. A ganinsu Wendell kaka ne da ya tsaya wa jikokinsa, ni da Kawu kuma mun tona asirin gari a gaban baƙo.

Goggo Ardith ta farfaɗo, amma likita ya ce ita da tafiya sai da abin dogarawa. Na je ɗaukar bayaninta, na same ta ta rame, idon nan dai yana nan da kaifinsa. Ta ce ta ga Wendell sarai a kan taraktar, har sunansa ta kira. Na gaya mata dalilinsa, da maganar kwari, da yaran Carla. Ba ta san ko ɗaya ba.

Ta juya wajen taga.

“Ni na riƙe Carla ranar da aka yi mata baftisma,” in ji ta. “Da ya ƙwanƙwasa ƙofata ya faɗa min, wallahi ni zan buɗe masa shingen, in kawo masa ruwan sanyi yana yanka. Fure ne fa, Lorna.”

“Lauyansa na tambaya ko za ki roƙa masa sassauci.”

“Ya sauko ya tsaya a kaina. Ina ganin takalmansa. Na ce masa, Wendell, ɗaga ni. Sai na ga takalman sun juya.”

Ta ja bargo ta rufe ƙafafunta.

“Rubuta yadda na faɗa miki. Kada ki rage ko kalma ɗaya.”